"KID" ƊAN AKUYA NE KO ƊAN MUTUM? AMSATA GA MASU CEWA NA ZAGI 'YA'YAN JAMA'A

Na san yau ci gaban labari kuke jira, to ku yi mini afuwa, wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi tun makon jiya, in ban amayar da ita ba ko biro ba zan iya riƙewa da daɗin rai ba.

Waɗanda suka karanta babin da ya wuce za su tuna wurin da jarumar labarin, wadda 'yar Abuja ce ta yi karatunta a waje, ta kira mijinta a waya ta ce masa, "Zan biya in ɗauko kids daga makaranta." Kalma ɗaya tak. Ni wallahi ko a jikina lokacin da na rubuta. Washegari da safe na kunna waya sai ga saƙonni sun yi mini sallama, a ciki har da na wata baiwar Allah da ta daɗe tana bin rubutuna tun zamanin da muke kai littafi kasuwar Sabon Gari a kwali. Cewa ta yi, "Anti, ina ganin girmanki amma yau kin ba ni kunya. Ashe ba ki san kid ɗan akuya ba ne? Turawa ne suka ƙirƙiro don su mai da 'ya'yanmu dabbobi, ke kuma kin taya su." Ta haɗo mini da wani dogon saƙo irin wanda ake turawa daga waya zuwa waya, mai cewa duk uwar da ta kira ɗanta da wannan kalma ta yi masa baki, zai taso da halin akuya.

Ba zan ɓoye muku ba, gabana sai da ya faɗi. Domin duk Bahaushe ya san "ɗan akuya" ba ƙaramin zagi ba ne. Ba sunan dabba kawai ba ne a wurinmu, sunan namijin da ba ya ganin zane ya ƙyale ne, wanda ake ɓoye wa 'yan mata in ya shigo unguwa. To a ce ni da hannuna na liƙa wa yara 'yan firamare wannan suna, ko da yaran na cikin littafi ne? Ai abin da ban tsoro.

Ni ba 'yar jami'a ba ce, a sakandare na tsaya aka yi mini aure, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Amma Allah Ya hore mini naci. Na ɗauko ƙamus ɗin ɗana na Turanci, na bi na waya, sannan na tsare ƙanena da yake koyar da Turanci na hana shi shan shayi sai da ya warware mini. Ga abin da na samo, kowa ya auna da hankalinsa.

Da farko dai, mai saƙon ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba. Asalin kalmar ɗan akuya take nufi. Turawan Ingila ma aro suka yi daga bakin mutanen arewacin Turai, kakannin mutanen Nowe da Denmak na yanzu, kuma tun wajen shekarar 1200 ake samun ta a rubuce da wannan ma'ana. Har gobe makiyayi a Ingila ko Amurka in akuyarsa ta haihu da wannan kalma zai kira abin da ta haifa. Amma maganar wai an ƙirƙiro ta don a wulaƙanta 'ya'yanmu, nan ne zancen ya karye. Tun shekarun 1590 aka fara jin ta a bakin 'yan tasha da mutanen titi na Ingila da ma'anar yaro, zuwa shekarun 1840 ta zama ruwan dare a hirar yau da kullum. Ku lissafa da kanku. Sama da shekara 400 ke nan suna kiran 'ya'yan cikinsu da ita, tun kafin Bature ya taka Kano da bindiga a 1903 da shekaru wajen 300. In makirci ne, to kansu suka fara yi wa.

Kuma abin da ya fi ba ni dariya, ashe su ma suna da irin zaginmu. In Bature ya ce wa dattijo "old goat", tsohon bunsuru yake nufi, mai bin mata, daidai da namu ba ragi. Sai dai su a kan tsohon suka ɗora laifin, suka bar ƙaramin da abin da kowa ya san shi da shi, wato tsalle-tsalle da rashin zama wuri ɗaya da hawa duk abin da ya gani. Duk wadda ta taɓa kiwo a gida, ta kuma taɓa rainon yaro ɗan shekara uku, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Mu ne muka haɗa uban da ɗan muka yi musu kuɗin goro. Saboda haka in Bahaushiya ta ji "ɗan akuya" ta ɗaure fuska, kunnenta na Hausa ne ya ji, ba abin da mai maganar ya faɗa ba.

In ma asalin kalma ne abin bi, to mu fara da gida. Sarkin da ake ce wa toron giwa ko bijimin sa, an taɓa jin ya sa dogarai su kama maroƙi? Uwar da take wabi, 'ya'ya suna mutuwa mata ɗaya bayan ɗaya, in ta samu wani sai a sa masa Ajuji ko Ayashe, wato abin da aka yar a bola. Akwai ɗan da ake so a duniya kamar wannan? Babu. Sunan juji ne, amma cikinsa tsoro ne da ƙauna da roƙon Allah Ya bar mata shi. Wanda bai san Hausa ba in aka fassara masa sai ya ce mun fi kowa ƙin 'ya'yanmu. To kuskuren da zai yi mana shi muke yi wa Turawa a nan.

Bari in ɗan ratse, don akwai wani abu da ya faranta mini rai a binciken. Kalmar tana nufin fatar ɗan akuya ma, wadda aka jeme ta yi laushi ake ɗinka safar hannu ta masu hali. Daga nan suka samo karin maganarsu ta riƙe mutum da "kid gloves", wato a lallaɓa shi kamar ƙwai a cokali. Ni kuwa da na ji zancen fatar akuya sai na tuna jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatake suka riƙa ƙetara hamada da fatarta zuwa arewacin Afirka, Turawa suka saya a can suka laƙaba mata sunan Maroko, suna yi wa manyan littattafansu bango da ita. Akuyar da muke zagi da sunanta ita ta yi wa littattafan wasu riga, mu kuwa namu littattafan da bangon takarda muka sayar da su, wanda hannu uku in ya karanta ya yage.

To mu dawo. Abin da ya kamata marubuci ya sani game da wannan kalma ba akuya ba ce, matsayinta ne. Kalmar zaure ce da tsakar gida, ba ta fada ba ce. Ba za ka gan ta a takardar kotu ba, ba za ka gan ta a dokar ƙasa ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara da "child" ta yi amfani, haka ma dokar haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003. Ina tuna malaminmu na Turanci a aji huɗu, duk wadda ta sa ta a wasiƙar neman aiki sai ya zagaye ta da jan biro ya rubuta mata cewa shugaban ma'aikata ba ƙawarta ba ce. A lokacin mun ɗauka tsanani ne, ashe gaskiya ya faɗa.

Sannan ba ta da iyakar shekaru yadda muke zato. Tsohuwa 'yar shekara 70 a Amurka za ta ce "kids" ɗinta za su zo mata hutu, alhali ƙaramin cikinsu ya yi furfura. Ɗan jami'a mai gemu shi ma haka ake kiransa. In aka ce "kid brother" ƙane ake nufi, ko da shi ne shugaban kamfani. Shahararren ɗan bindigar nan na yammacin Amurka, Billy the Kid, da aka harbe a 1881, ai ba a goye yake ba, ya kai wajen shekara 21. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, tunda mu ma direba ɗan shekara 50 mai mata biyu "yaron Alhaji" muke ce masa. Kuma kamar yadda "yaro" yake zama so a bakin wani ya zama raini a bakin wani, haka ita ma. Dattijo ya dafa kafaɗar matashi ya ce masa "kid", lallashi ne. Sa'ansa ya faɗa masa a tsakiyar gardama, to ya ce masa bai san komai ba ke nan, kuma ana iya dambe a kai. Ita kuwa "kiddo" da 'yan matan littattafanmu suka ɗauka suna yayi, daga sama take saukowa ƙasa, babba ke faɗa wa ƙarami cikin wasa. Na karanta wani labari a waya inda amarya take ce wa yayan mijinta haka, wai ita wayayyiya. Da a gaske ne ko a can ƙasar tasu sai an kalle ta.

Ko "kidding" da yaranmu ke cewa in suna nufin wasa suke yi, masana da yawa daga nan suke ganin ta fito, wato ka mai da mutum yaro ka yi masa wayo. A bakin ɓarayin Landan aka fara rubuta ta a 1811 da ma'anar yaudara, daga baya ta yi sanyi ta koma zolaya.

Kuma kada a ɗauka ita kaɗai gare su. Suna da "toddler", yaron da ya fara tafiya yana tangaɗi, wato mai tatata ɗinmu sak. Suna da "tot" ga ɗan mitsitsi, suna da "brat" ga sangartacce mara jin magana, mutanen Sukotlan kuma "bairn" suke cewa. A nan gida 'yan uwanmu na kudu suna cewa "pikin", wadda ta samo asali daga kalmar mutanen Fotugal mai nufin ɗan ƙarami. Abin lura, 'yar uwar wannan kalma da ta ƙetara Amurka ta zama mummunan zagi ga 'ya'yan baƙar fata, har yau mai mutunci ba ya furta ta, alhali a Legas ko Fatakwal uwa tana cewa "my pikin" da dukkan zuciyarta. Tushe ɗaya, can guba, nan zuma. Wannan kaɗai ya ishi mai hankali ya gane ba tushen kalma ke yanke mata hukunci ba, bakin da ta fito da kunnen da ta shiga ne.

Akwai wuri ɗaya da binciken ya sa na ajiye ƙamus na yi shiru. Duk hayaniyar da ake yi a kan kada kalmar ta shigo Hausa, ashe ta riga ta shigo tuntuni ta ƙofar da ba wanda ya tsare. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta san "kidinafin", ta san "'yan kidinafin". To rabin farko na wannan kalma ita ce dai "kid" ɗin da muke magana, rabi na biyu kuma tsohuwar kalmar 'yan titi ce mai nufin fizge. Satar yaro ke nan. A shekarun 1680 ta bayyana a Ingila, lokacin da ake sace yara da marasa gata a garuruwan bakin teku a zuba su a jirgin ruwa a kai su gonakin Turawa a Amurka a sayar da ƙarfinsu na shekaru. Akwai wani yaro ɗan garin Aberdeen mai suna Peter Williamson da aka yi wa haka wajen 1743, aka sayar da shi a Filadelfiya. Allah Ya yi masa dawowa, ya buga labarinsa a 1757, manyan garinsu suka fusata suka sa aka ƙone shafukan da suka tona musu asiri, suka kore shi, shi kuma ya kai su ƙara ya yi nasara. Mu marubutan Kano da muka ga an cinna wa littattafai wuta a 2007 mun san yadda wannan yake a zuciya.

Kalmar da aka ƙera don yaran Ingila na wancan zamani yau a kan namu take aiki. 'Yan matan Chibok 276 a 2014. Ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020. Da waɗanda ba a ƙirga ba, na ƙauyukan da ko sunansu ba ya kai wa rediyo. In akwai "kid" ɗin da ya cancanci uwa ta tashi tsakar dare ta yi addu'a a kansa, wannan ne. Kuma in faɗi wata gaskiya mai ɗaci, da yawa daga cikinmu masu tura saƙon kada a kira yaro ɗan akuya da Turanci, kafin azahar mun kira namu jaki da ɗan banza da shege da Hausa tsantsa wadda yake ji sarai, ba sai ya buɗe ƙamus ba. Ni ma ban cire kaina ba. An bar jaki ana dukan taiki.

To shi ke nan na wanke kaina? A'a. Mai saƙon ta yi kuskure a hujja, amma ta sa na yi wa kaina tambayar da ban taɓa yi ba: me ya sa hannuna ya tafi ga wannan kalma alhali "yara" tana kusa?

Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba, amma zan faɗa. Ni 'yar fari ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba, "ke" ce, ko "yarinyar nan", in kuwa baƙi suka tambaye ta ni wace ce sai ta ce 'yar gidan nan ce ta kau da kai. Ban taɓa shakkar tana sona ba, amma ban taɓa ji a bakinta ba. Haka muka taso, uwa ba ta cewa "'ya'yana" a gaban surukai, ba ta yabon ɗanta a taro, ba ta ɗaukar ɗan fari ta yi masa wasa ido na ganin ido. To sai ga Turanci ya zo mana da wata ƙofar baya. Yarinyar da ba za ta iya buɗe baki ta ce "ina kewar 'ya'yana" a gaban uwar miji ba, za ta iya cewa ta yi missing ɗin kids ɗinta ba tare da ta ji ƙasa za ta tsage ba. Kalmar ba ta da nauyin kunya a kanta, domin ba a cikin gidanmu ta girma ba. Dalilin da ya sa jaruman littattafanmu suka fi iya furta so da Turanci ke nan, ba wai Hausa ta rasa kalma ba, Hausar ce take zuwa da idon Inna a bayanta. Ni ina ganin wannan shi ne ainihin aikin da "kids" take yi a bakin matan zamani, ba burga kaɗai ba ce kamar yadda masu suka ke cewa, ko da yake burgar ma tana nan.

Saboda haka a bakin jarumata ba zan cire ta ba. Mace irin wannan haka take magana, ku je bakin kowace makarantar kuɗi a Abuja ko Nasarawa ta Kano da ƙarfe biyu ku kasa kunne. In na sa ta ce "zan ɗauko 'yan dugwi-dugwina" na yi wa mai karatu ƙarya, kuma aikina in nuna mutane yadda suke.

Inda na kama kaina da laifi shi ne da na koma baya na duba babi na huɗu da na bakwai. Can ba jaruma ke magana ba, ni ce mai ba da labari, kuma na rubuta "kids ɗin suna wasa a falo". Wannan ba ni da uzuri a kansa, lalaci ne. Wa nake jin kunya a nan? Kuma dubi abin da na zubar. Hausa ta raba "'ya'ya" da "yara", na farko na cikinka ne, na biyu na kowa, kuma a labarin kishiya da 'ya'yan miji irin wanda nake rubutawa, duk rikicin gidan yana tsakanin waɗannan kalmomi biyu ne. Ranar da matar uba ta daina cewa "yaran nan" ta ce "'ya'yana", ai labari ya juya, mai karatu zai ji a jikinsa ba sai na yi sharhi ba. "Kids" ta haɗiye wannan bambanci ta shafe shi. Haka jinjiri da jariri da na goye da mai rarrafe da mai tatata da yayayye, kowanne da hoton da yake kawowa a ido, na tattara su na cusa a buhu ɗaya na Bature. Ga kuma matar da take sauraron littafi ana karantawa a rediyo tana tankaɗe, wadda ita ce ta riƙe mu tun ba mu da waya, an bar ta tana tambayar 'yarta me aka ce.

Har da wanda ya fi muni, a babi na bakwai na sa kakar yaran, tsohuwar da na ce daga ƙauye aka ɗauko ta, tana tambaya ina kids. Yadda na tsallake wannan ban gani ba, Allah kaɗai Ya sani. Ba wanda ya yi mini magana a kansa kuma, duk aka tafi neman akuya.

Na gyara waɗancan wurare uku, masu adana labarin su sake saukewa. Ita kuwa baiwar Allah mai saƙo na kira ta mun yi kusan rabin awa, ta ce ta ji bayanina amma ita dai har yanzu kalmar ba ta kwanta mata ba, na ce wannan haƙƙinta ne, muka rabu da dariya.

Ranar Juma'a da na je gaida Inna na ba ta labarin duka, har da zancen akuyar. Ta saurara tana jan carbi, can ta ce ita ba ta ga abin faɗa ba, ai akuya dukiya ce, wanda ya raina ta bai taɓa sayar da ita ya biya kuɗin asibiti ba. Sannan ta leƙa tsakar gida inda autata ke hawan turmi tana dirowa, ta ce, "Ke, je ki sauko da waccan kafin ta karye." Har yau dai ba ta kira sunana ba.

Babi na gaba zai zo muku ranar Laraba in Allah Ya kai mu. Wassalam.